Kwaikwayon Zanen Hula a Maiduguri

Hular Bama da zanna-bukar ɗinkin hannu ne da kan ci makonni. Ana fara zana fasalin a kan yadi, sannan a bi shi da zare har ya cika. Bayan Boko Haram ta kama Bama a 2014, masu ɗinki da dama sun koma Maiduguri, sana'ar ta zama abin dogaron iyalai, musamman mata.

Koyi da aikin wani ba laifi ba ne a wurin masu sana'ar. Haka yaro ke koyo a gaban maigidansa, kuma tsofaffin zane gadon kowa ne. Saɓanin yana kan sabon zane: wata ta sha wahala ta ƙirƙiro, wani ya sayi hula ɗaya ya kwafe, ko ya ba inji ya buga da yawa a sayar da araha. Mafi muni shi ne a ce wa mai saye hular injin ɗinkin hannu ce, wanda algus ne tsantsa.

Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta kare ayyukan fasaha, sai dai hula ba ta ɗauke da sunan wadda ta zana ta, don haka da wuya ta tabbatar zanen nata ne.