Albasar Galmi: sunan ya tsira, saura buhun

Duk wanda ya bi babbar hanyar gudiro daga Ƙonni zuwa Madawa cikin watan Maris ko Afrilu ba ya bukatar allo ya gaya masa cewa ya iso Galmi. Hanci ne zai fara ba shi labari. Buhuna jere dama da hagu, kamiyo-kamiyo sun yi layi, ƴan dako na ta kai da kawo cikin zufa, mata zaune ƙarƙashin rumfa suna tsince ruɓaɓɓiya daga mai kyau, dillalai kuwa kowa da ɗan littafinsa da waya a kunne. Wannan gari na gundumar Malbaza, mai nisan kamar kilomita 500 gabas da Yamai, shi ne ya ba albasar ƙasar nan suna, kuma da wannan suna ne mu ƴan jahar Tawa muke bugun ƙirji duk inda muka shiga.

Bugun ƙirjin yana da dalili. Ɗan Adar da ya je biɗa Abijan zai iske albasar garinsu ta riga shi isa. Haka take a Kumasi da Akra, haka a Lome da Kwatano. Matan waɗancan ƙasashe sun san ta da launinta mai ja-ja da shuɗi-shuɗi, da yajinta mai sa hawaye, da yadda ɗaya tak take ƙamsasa tukunyar da sai an yanka biyu ko uku na wata albasar. Masu ilimin noma suna kiranta Violet de Galmi. Sai dai mu faɗi gaskiya, kada mutanen sauran garuruwa su ce mun yi musu rowar yabo: ba a Galmi kaɗai ake noma ta ba. Fadamun Magiya da Tarka, da Tsarnawa, da Sabon Gida, da Tunfafi, da Tamaske da Keita duk suna cikin masu cika waɗancan motoci. Galmi ta ɗauki suna, ƴan uwanta suka taya ta ɗaukar kaya. Idan kuma tamu ta ƙare, ta mutanen Agadas ce ke saukowa daga lambunan Ayar wajen ƙarshen shekara ta rufa wa kasuwa asiri.

Matasa da yawa ba su san cewa wannan suna ya taɓa kusa kuɓuce mana ba. A shekarar 2009 ne labari ya bazu cewa wani kamfanin sayar da iri na ƙasar Senegal ya kai takarda ga hukumar OAPI, wato hukumar da ke Yawunde ta Kamaru mai rajistar mallakar fasaha ga ƙasashen Afirka da yawa har da tamu, yana neman a ba shi haƙƙin irin Violet de Galmi. Da abin ya tabbata, da manomin da ya gaji irin nan daga kakansa ya wayi gari wani ne daban ke da takardar mallakarsa. Ƙungiyoyin manoma, cikinsu har da ANFO ta masu sana'ar albasa, suka tashi tsaye, hukumomin ƙasa suka sa baki, daga ƙarshe kamfanin ya saki sunan Galmi ya laƙaba wa irinsa wani suna. Bayan shekaru, tsakanin 2021 da 2023, aka kammala yi wa albasar Galmi rajista a wannan hukuma tare da kilishin Nijar, a matsayin kayan da sunansu ke ɗaure da ƙasar da suka fito. Ma'anarsa a taƙaice ita ce, albasar da aka noma a yankin da aka shata, bisa ƙa'idar da aka rubuta, ita ce ke da ikon ɗaukar wannan tambari.

To, madalla. Mun yi murna, mun kuma faɗe ta a radiyo har muryarmu ta dushe. Amma hajiyoyinmu na kasuwa sun fi mu sanin cewa mai saye ba takarda yake dubawa ba. Buhu yake kwancewa.

Cikin buhun nan kuwa akwai magana. Ta farko ita ce girmansa. Albasa a wurinmu ba a kan sikeli ake cinikinta ba, da buhu ne, kuma buhun ba shi da iyaka. A cika shi har baki, sannan a ɗora masa wani tulin a sama a ɗinke, a yi masa hula. Buhun da ake kira ɗaya sai ya haura kilo 100 nesa ba kusa ba, kuɗinsa kuwa na buhu ɗaya ne. Manomi yana kallo ba shi da ta cewa, domin sau da yawa wanda ke saye shi ne ya ranta masa kuɗin taki da na man injin ban ruwa tun watan Nuwamba. Wanda ya ci bashi ba ya ɗaga murya. Shi ma ɗan kasuwan da ke ganin ya ci riba da hular, ba lalle ne ya ci ba: albasar da aka danne haka, aka jibga buhu kan buhu cikin mota, ta yi kwanaki cikin zafin bazara ba iska, ta ƙasan tana isa ne a dame. Abin da aka ƙwace wa manomi a Galmi, a juji ake zubar da shi a Kumasi. Ɗan dakon da ke ɗaga wannan kaya a bayansa kuwa ba mai tambayar lafiyar ƙugunsa.

Magana ta biyu a gona take, kuma a nan ba za mu rufa wa ƴan uwanmu manoma ba. Tunda da buhu ake saye, kowa so yake albasarsa ta yi manyan kai don buhu ya cika da wuri. Sai a yi ta zuba takin zamani fiye da kima, musamman farin nan, a yi ta ban ruwa har ana gobe cira. Albasa ta kumbura, ta yi kyau a ido, amma cikinta ruwa ne. Hausawa na cewa albasa ba ta yi halin ruwa ba. Wannan kam ta yi, har ta zarce. Tsofaffinmu ba haka suke yi ba. Suna yanke ruwa kwanaki kafin cira, su bar ganye ya kwanta da kansa, su bar wuyan albasa ya bushe sarai kafin a yanke lawashi, sannan a shanya ta a inuwa. Irin wannan ita ce ke yin watanni cikin rudu ba ta ce uffan ba, kuma ita ce ta sa aka san Galmi tun farko. Mace a Abijan da ta sayi kashi yau, jibi ta iske rabi ya ruɓe, ba ta san sunan manomin ba. Galmi za ta zaga.

Sai ta uku, wadda masu saurarenmu suka fi kiran waya a kanta duk lokacin da muka karanto farashin kasuwanni: me ya sa albasa ke arha kamar ƙasa a watan Afrilu, ta zama zinariya a watan Oktoba? Amsar ba ɓoyayya ba ce. Kowa yana dasawa lokaci ɗaya, wajen Disamba da Janairu, kowa yana cira lokaci ɗaya, kowa kuma bashi na jiransa lokaci ɗaya. Kasuwa ta cika maƙil, farashi ya faɗi. Bayan wata biyar ko shida buhun nan ya kan ninka kuɗinsa sau uku ko huɗu, amma a lokacin ya daɗe da barin hannun wanda ya noma shi. Mai rudu mai kyau da ƴan kuɗin jira shi ne ke cin wannan riba. Shi ma yana cikin caca, domin rudun kara da ciyawa idan damina ta sauka da laima yana iya cinye kashi mai yawa na abin da aka zuba masa. A wannan giɓin ne kuma albasar Holan ke sauka ta jirgin ruwa a Abijan, cikin ƙananan buhunan raga masu nauyi ɗaya, ko wace da girman ƴar uwarta. Ba ta kai tamu daɗi ba, duk mai girki ta sani, amma mai sarinta ya san abin da ya saya tun kafin ya kwance.

Hanya ma ta ƙara mana nata. Bayan canjin mulki na watan Yulin 2023, CEDEAO ta rufe iyakoki, motocin albasa suka maƙale a hanya, kaya suka ruɓe a kan idon masu su. An ɗage takunkumin a watan Fabrairun 2024, amma hakan bai sa gadar Gaya ta koma yadda take a da ba, sai jigila ta karkata ta Burkina, cikin ayari da rakiyar sojoji da jiran kwanaki. Can Akra kuma tun 2021 aka tashi masu albasa daga kasuwar Agbogbloshie aka mai da su Adjen Kotoku, bayan gari. Ba mu da iko a kan iyaka, ba mu da iko a kan kasuwar wata ƙasa. Amma idan tafiyar kwana huɗu ta koma ta kwana goma, busasshiyar albasa cikin buhu mai shan iska ita ce kaɗai za ta isa da ranta, kuma wannan kam a hannunmu yake.

Kada mu manta da iyayenmu mata, waɗanda ba a cika ambatonsu ba idan ana lissafin motoci. Su ne masu tsinta, su ne masu kasa ta kashi-kashi a kasuwannin Tawa da Maraɗi da Damagaram, su ne kuma suka daɗe da gano maganin asara tun kafin masu digiri su zo da taro a otal. Lawashin da namiji ke yarwa su suke dakawa su shanya su yi gabu, ƙananan da dillali ya raina su suke yankawa su busar. Gabu ba ya ruɓewa a kan iyaka. Duk wanda zai kawo tallafi ga sana'ar albasa, da ya fara tambayar waɗannan mata me suke bukata, da kuɗinsa sun fi yin amfani.

An gina wuraren cinikin albasa na musamman, irin na Tsarnawa da Madawa, domin manomi da mai saye su haɗu a fili, a san farashin ranar, a rage cin dunduniyar juna. An kuma sha yin kiran a koma ga buhun raga da sikeli. Abin da ke hana ruwa gudu shi ne ba wanda ke son ya fara: manomi na tsoron idan ya ƙi yin hula mai saye zai wuce ga maƙwabcinsa, ɗan kasuwa na tsoron abokin cinikinsa na Kumasi zai ce buhun ya rame. Wannan ba abin da mutum ɗaya zai iya ba ne. Sai sarakunan tasha, da shugabannin manoma, da magadan gari na Malbaza da Madawa da Tsarnawa sun zauna sun yanke magana ɗaya kafin a fara cira, kuma hajiyoyin da ke saro mota guda su ce ba su karɓar buhun da ba a auna ba.

Mu dai a namu ɓangaren, idan Allah ya kai mu watan Maris, za mu sauka Galmi da na'urarmu ta ɗaukar magana da kuma sikeli a bayan mota. Za mu auna buhu goma a gaban masu su, mu karanta nauyin ko wane ɗaya a radiyo tare da kuɗin da aka biya manominsa.