Barmani Coge da Ƙungiyarta ta 'Yan Amada

A ƙasashen Turawa ba a sa ƙungiyar mawaƙa cikin lissafi sai ta fitar da faifanta na farko. Misali shi ne 'yan matan nan biyar na Ingila da ake kira Spice Girls. A 1994 wasu masu neman kuɗi ta hanyar waƙa suka sa talla a jarida suna neman 'yan mata masu murya da iya rawa, aka tace aka tsamo su. A 1996 faifansu na farko mai suna Spice ya fito, aka sayar da fiye da miliyan 20 a duniya. Amma a 1998 ɗayarsu, Geri Halliwell, ta fice, kuma zuwa ƙarshen 2000 kowacce ta kama gabanta, sai dai haɗuwa ta jefi-jefi.

To, mu ma a ƙasar Hausa muna da ƙungiyoyin mawaƙa mata, sai dai tasu hanyar dabam ce. Wadda ta fi shahara ita ce ta marigayiya Hajiya Sa'adatu, wadda aka fi sani da Barmani Coge. An haife ta a Gwaigwayi ta ƙasar Funtuwa a shekarun 1940, ta kuma fara fita kiɗa sosai a farkon shekarun 1970. Kafin ita an yi Hajiya Uwaliya Mai Amada a Kano, wadda ta share wa na baya hanya.

Kiɗan da suke yi shi ake kira amada, kuma kayan aikinsa ba su wuce abin da ke ɗakin kowace uwa ba, watau ƙwarya. Akan kifa ƙore manya da ƙanana a ƙasa ana bugunsu da 'yan sanduna, kowace da irin amonta. Akan kuma zuba ruwa a masaki a kifa ƙaramar ƙwarya a kai, ita ce ke ba da sautin nan mai zurfi kamar na ganga. Shugabar ƙungiya ita ke ba da waƙa, sauran kuwa suna kiɗa suna amshi. Idan amshi ya yi sanyi, waƙa ta mutu, don haka ba wadda za ta ce ita kaɗai ce gwana. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Su waɗannan mata ba talla ce ta haɗa su ba, zaman tare ne da bukukuwa. Abin da ke matsayin faifan farko a wurinsu shi ne tsakar gidan biki ko suna. A nan ake gwada mawaƙiya. In ta burge, mata su tashi su taka, su yi mata liƙi, gobe kuma wani gida ya aiko. Sai da sunan Barmani ya zaga gidaje tukuna rediyo da kaset suka ɗauke shi suka kai birni da ƙauye, har irin namu garuruwa na ƙasar Gumel. Wannan ne ya sa ta yi kusan shekara 40 ana yayinta, har ta rasu a Funtuwa cikin watan Maris na 2013. Icen da ya yi saiwa ba kowace iska ke kayar da shi ba.

Wani dalilin kuma shi ne abin da take faɗa. Ta yi waƙa a kan kishi, da haihuwa, da zaman aure, ta kuma yi wadda take kiran mata su kama sana'a, tana yi wa mai zaman kashe wando ba'a. Gaskiya ne wasu waƙoƙinta na da kalmomi masu nauyi, har iyaye da malamai kan ƙi a sa su gaban yara. Amma a tuna, asalinsu na taron mata zalla ne, inda suke faɗa wa juna abin da ba sa faɗa a zaure.

Abin damuwa shi ne, faifan Turawan nan yana nan a adane, duk mai so zai same shi, alhali kuwa waƙoƙin ƙwarya da yawa suna cikin kawunan tsofaffi ne kawai. Yau a gidajen biki da dama na'urar kiɗa ta maye gurbin ƙwarya, kuma duk tsohuwar da ta rasu takan tafi da nata.

Saboda haka ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai na Sule Tankarkar da Maigatari da Gagarawa, idan an tafi hutu mu zauna da kakanninmu, mu rubuta waƙoƙin ƙwarya da na daɓe da na niƙa da suka sani, mu kawo wa malaman Hausa. Iyayenmu mata kuma, don Allah in ana sha'ani a riƙa tunawa da masu ƙwarya na unguwa. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.