Sunan Ɗan Kasuwa a Zamanin Wayar Hannu: Misali Daga Ƙasar Gobir

Tun kafin a san wani abu wai shi intanet, fataken ƙasar Hausa sun fahimci cewa jarin ɗan kasuwa iri biyu ne: akwai wanda ake ƙirgawa, akwai kuma wanda ke bakin mutane, watau suna. A ƙasar Gobir, inda garuruwan Sabon Birni da Isa da Gatawa suka daɗe suna cuɗanya da kasuwannin Shinkafi da Illela, da kuma Maraɗi da Madawa a Jamhuriyar Nijar, galibin cinikin hatsi da dabbobi da albasa a kan amana da bashi yake gudana. Wanda sunansa ya ɓaci kuwa, ko rumbunsa cike yake, ba mai ɗaukar kayansa.

A tsarin da aka gada, baƙon falke yakan sauka gidan fatoma, shi kuma ya haɗa shi da dillali. La'adar da dillali ke karɓa ba ta haɗa ciniki kaɗai ba ce, har da tsayawa a matsayin shaida. In aka buɗe buhun gero aka tarar da tsakuwa a gindi, ko sa ya kwana biyu ciwonsa ya bayyana, mai saye ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa: dillali tukuna, sa'an nan sarkin kasuwa, in abin ya faskara a je gaban alƙali, inda fiƙihun Malikiyya ya ba shi zaɓin mayar da kayan da aka ɓoye masa aibinsu. Masanin nan Abner Cohen, a littafin da ya buga a 1969 kan Hausawan unguwar Sabo ta Ibadan, ya nuna yadda ake sayar da shanu bashi ba tare da rubutu ba, sunan maigida kawai ke zama jingina. Abin lura a nan shi ne, mai kuka an san fuskarsa, an san inda zai kai kukan, kuma magana tana da ranar ƙarewa.

Abubuwa biyu suka girgiza wannan tsari. Na farko shi ne wayar hannu, wadda ta shigo Nijeriya a 2001, daga baya ta zo da WhatsApp da Facebook da TikTok. Na biyu shi ne ta'addancin 'yan bindiga, wanda ya mai da hanyoyin Sabon Birni da Isa da Shinkafi abin tsoro ga baƙo. Ɗan kasuwar da a da yakan taso daga Legas ko Anaca ya duba kaya da idonsa, sai ya koma kallon hoto a waya, ya tura kuɗi ta banki, a ɗora masa kaya a mota. Lokacin da aka katse layukan waya a wasu ƙananan hukumomin Jihar Sakkwato a watan Satumba na 2021, har da Sabon Birni da Isa, an ga yadda ciniki ya riga ya rataya a kan wannan na'ura.

To, wanda bai ga kaya ba, da me zai dogara? Da abin da wasu suka faɗa. A wannan yanki suka ba ta cika zuwa da siffar taurarin da ake bai wa shaguna a Amurka ba. Saƙon murya ne na minti ɗaya a dandalin 'yan albasa, ko bidiyon buhu a kwance ana nuna ruɓaɓɓen ciki, tare da sunan mai kaya da garinsa. Saƙon yana iya kaiwa Maraɗi kafin mai kayan ya idar da sallar la'asar. Ba ya gogewa, ana iya sake tura shi bayan shekara, kuma mai sauraro ba ya jin ɗaya ɓangaren.

Ƙaramin ɗan kasuwa shi ya fi jin jiki. Wani bincike da Michael Luca na Jami'ar Harvard ya fitar a 2011, kan gidajen abinci na birnin Siyatil da ke shafin Yelp, ya gano cewa ƙarin tauraro ɗaya yana ƙara kuɗin shiga da kashi 5 zuwa 9 cikin ɗari, amma ga masu zaman kansu kaɗai. Manyan kamfanoni masu rassa ba su girgiza ba, domin an riga an san su. Haka abin yake a nan. Attajirin da ya shekara talatin yana lodi yana da masu tsaya masa; saurayin da ya fara da buhu goma ba shi da kowa sai wayarsa.

Kuskuren da ya fi kowane tsada shi ne amsa suka da ƙarfi. A watan Satumba na 2023 wata mata a Legas ta rubuta a Facebook cewa wani tumatirin gwangwani na kamfanin Erisco Foods ya cika sukari. Kamfanin ya kai ƙara, 'yan sanda suka kama ta suka kai Abuja, aka tuhume ta ƙarƙashin dokar laifuffukan intanet ta 2015. Ko mene ne gaskiyar maganar tumatirin, abin da ya biyo baya shi ne kiraye-kirayen ƙaurace wa kayan kamfanin, labarin kuma ya kai kafofin labarai na ƙasashen waje. Maganar da watakila da ta mutu cikin mako guda, sai ta yi shekaru ana jin ta. Ɗan kasuwar Isa da ya mayar da zagi cikin saƙon murya, ko ya yi barazanar ɗauri, irin wannan rami yake haƙa wa kansa, ko da yake ƙarami.

Hanyar da ta fi dacewa ba baƙuwa ba ce, tsohon tsari ne za a maido cikin sabuwar riga. A amsa a inda aka yi maganar, da wuri, cikin gajerun kalmomi marasa zafi, domin amsar ba ta mai kuka kaɗai ba ce, ta ɗaruruwan da suka yi shiru suna sauraro ce. Sa'an nan a janye zancen zuwa kiran waya tsakanin mutum biyu. In aibin gaskiya ne, a amsa laifi, a rage kuɗi ko a musanya kaya kamar yadda shari'a ta tanada tun asali, a kuma roƙi mai kukan ya koma dandalin ya shaida cewa an sasanta. Wannan mataki na ƙarshe shi ne aka fi mantawa, alhali shi ne ke maye gurbin musafahar da a da ake yi gaban sarkin kasuwa.

Ba kowace suka ce gaskiya ba, lalle. Akwai ta abokin hamayya, akwai ta mai neman ragi bayan kaya sun isa, akwai kuma wadda laifin hanya ne: albasar da ta bar Sabon Birni lafiya tana iya ruɓewa in mota ta kwana uku a shingen bincike cikin zafin bazara. Maganin wannan shi ne shaida tun kafin rigima, watau a ɗauki bidiyon kaya lokacin awo da ɗinki da lodi, a tura wa mai saye tare da lambar mota da ranar tashi, a kuma sa dillali ko shugaban ƙungiyar 'yan kasuwa cikin cinikin tun farko, yadda in magana ta taso za a sami na uku wanda duka ɓangarorin suka yarda da bakinsa.