Gubar Dalma: Cikin Yaro da Abincinsa a Lokacin Shan Magani



A watan Maris na shekarar 2010 ne ma'aikatan ƙungiyar likitocin nan ta Médecins Sans Frontières suka lura da yawan mace-macen ƙananan yara a wasu ƙauyukan Anka da Bukkuyum, cikin jihar Zamfara ta Najeriya. Yaro ya yi ta amai, ya shiga jijjiga, ya suma, a yi zaton zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau. Da aka auna jini sai aka tarar dalma ce. Duwatsun zinariyar wannan yanki cike suke da ita, ga shi kuwa a cikin gida ake daka su, ƙurar ta bi tsakar gida da hannuwan yara da kwanon tuwo. Kimanin yara 400 suka rasu, aka yi wa dubbai magani. A 2015 abin ya sake aukuwa a yankin Rafi na jihar Neja, yara 28 suka tafi. Kafin nan ma, tsakanin 2007 da 2008, yara 18 sun rasu a unguwar Thiaroye kusa da Dakar, inda ake fasa tsofaffin baturan mota.

Mu ma abin bai yi mana nisa ba. Samarinmu suna zuwa haƙar zinariya a Komabangu da Jado da Ɗan Isa, kuma ko da yake ba kowane dutsen zinariya ke ɗauke da dalma ba, akwai ta a kwallin dutse da ake sa wa jarirai, da batur, da tsohon fenti, da wasu tukwanen da ake zubawa da tarkacen ƙarafa. Wannan cuta ita ce likitocinmu ke kira saturnisme da Faransanci. Abin da muke so mu tattauna a yau shi ne halin da cikin yaro ke shiga bayan an soma yi masa magani, domin a nan ne uwa mai kyakkyawar niyya kan yi kuskure.

Idan dalma ta kai mikirogiram 45 a kowace desilita ta jinin yaro, likita kan ba da maganin da ke kama ta ya fitar da ita ta fitsari. Wanda aka fi amfani da shi a Zamfara shi ne DMSA, kafso ne da ake sha. A tsarin da aka saba, ana ba da shi sau uku a yini har kwana 5, sa'an nan sau biyu har kwana 14, jimla kwana 19. Warinsa kamar na ruɓaɓɓen ƙwai ne, saboda farar wutar da ke cikinsa, har a numfashin yaro da fitsarinsa akan ji shi, kuma wannan ba abin tsoro ba ne. Ga ƙaramin yaro akan buɗe kafson a zuba a ɗan abinci mai laushi. A sa shi a cokali ɗaya ko biyu na kunu mai sanyi, kada a juye shi cikin kwano guda, don in yaro ya ture kwanon ba wanda zai san nawa ya sha.

To, ita kanta dalma tana ɗaure ciki, tana sa murɗa mai tsanani da rashin son abinci. Maganin kuma kan kawo tashin zuciya, ko amai, ko gudawa ga wasu yaran. Sai abubuwa biyu su haɗu a ciki ɗaya. Uwa ta ba yaro nono da safe, ya yi amai da hantsi, ta ce nono bai karɓe shi ba. Kashegari wake ya sha zargi, jibi ƙwai, kaka ta hana nama, maƙwabciya ta hana miyar ganye. Kafin mako ya zagayo an bar yaro da tsinkakken koko kawai. A ganinmu wannan hani ya fi aman da ake gudu illa.

Dalilinmu kuwa shi ne hanji ne babbar ƙofar da dalma ke shiga jikin yaro. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro kan tsotsi ninki huɗu zuwa biyar na abin da babba ke tsotsa daga dalmar da ya haɗiye, kuma cikin da ba kome a cikinsa ya fi saurin ɗaukarta. Bugu da ƙari, hanyoyin da jiki ke karɓar sinadarin ƙarfe da na kalsiyam su ne dalma ke bi ta kutsa. Jikin da ke ƙishin waɗannan biyu yakan buɗe hanyoyin sosai, sai gubar ta sami shiga. Yaron da jininsa ya yi ƙaranci kuma shi ne aka fi samu da cin ƙasa. Saboda haka ne a jagorar da hukumar ta fitar a 2021 ta nemi a ƙara wa yaran da dalmar jininsu ta kai 5 sinadarin ƙarfe ko kalsiyam in an ga suna da ƙarancinsu. Sai dai ƙwayar ƙarin jini likita ne zai faɗi lokacin shanta, don ba da kowane maganin dalma take tafiya ba.

Abincin da ake bukata duk yana kasuwarmu. Hanta da nama da ƙwai da wake da gero suna ba da sinadarin ƙarfe. Miyar kuka, kwaɗon zogale, riɗi, kindirmo da ƙananan busasshen kifi da ake ci da ƙashinsu suna ba da kalsiyam. Ɗan lemo ko tumatir ko gwaba tare da abinci na taimaka wa hanji ya ɗauki ƙarfen da ke cikin wake da ganye, shayi kuwa yana hana shi, don haka a raba yaro da shayi a lokacin cin abinci. A ba shi kaɗan-kaɗan, sau biyar ko shida a yini, da ruwa mai tsabta a kai a kai, tun da ta fitsari gubar ke fita. In gudawa ta zo, a dama ƙunshin SRO ɗaya a lita ɗaya ta ruwa, a ci gaba da abinci, a sanar da likita. Mai shayarwa kada ta yaye ɗanta da ra'ayin kanta, a auna jininta tukuna a ji ta bakin likita.

Ba muna cewa babu yaron da abinci ke ƙi ba ne. Akwai shi, kuma alamarsa daban ce: borin jini, kumburin leɓe ko ido, shaƙewar numfashi, jim kaɗan bayan cin abu guda, kuma duk lokacin da ya ci sai ta dawo. Wannan asibiti ake kai shi nan take. Wanda aka san gyaɗa na yi masa haka, lalle a faɗa wa likita tun ranar farko, domin akwai wata allurar dalma mai suna dimercaprol da ake haɗa ta cikin man gyaɗa. Haka nan bayan doguwar gudawa wasu yaran kan kasa narkar da ɗanyar madara na ɗan lokaci, ciki ya kumbura ya yi ta ƙugi. Irin waɗannan sau da yawa kindirmo ko nono mai tsami ba ya damunsu. Idan ana zargin wani abinci, a janye shi shi kaɗai na ƴan kwanaki, a maye gurbinsa da makamancinsa, a lura. Janye abu biyar a tare ba ya nuna wa kowa mai laifin. Ƙuraje kuwa, ko zazzaɓi da ciwon maƙogwaro a tsakiyar shan magani, suna iya zama daga maganin ne, ba a jira da su a gida.

Sai batun wankin ciki. Filasko da kanwa da sauran jiƙe-jiƙen da ake ɗura wa yaro ba sa fitar da dalmar da ta riga ta shiga jini da ƙashi, ruwan jikinsa kawai suke tsiyayewa. Nonon da ake cewa yana karya dafi shi ma abinci ne mai kyau, amma ba ya maye gurbin kafso. Haka magungunan “wanke ƙarafa” da ake talla a intanet. A Amurka, a 2005, wani yaro ɗan shekara biyar ya rasu bayan an ɗura masa nau'in EDTA da bai dace ba, wanda ya janye kalsiyam ɗin jininsa har zuciya ta tsaya. Babban mutum da ke kan magani a watan azumi ya tambayi likitansa, shari'a ta yi wa majinyaci rangwamen ramawa daga baya.

Kwana 19 ba su ne ƙarshen aiki ba. Dalma kan zauna a ƙashi shekaru da dama, tana komowa jini sannu a hankali, shi ya sa ake sake awo, kuma yara da yawa a Zamfara sun sha maganin zagaye fiye da ɗaya. Can ma sai da aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa, don yaron da ya koma cikin ƙurar da ta kwantar da shi gubar za ta sake taruwa a jikinsa. Turmi ko injin da ya taɓa niƙa dutse kada ya ƙara ganin hatsi. Mai aikin haƙa ko na batur ya yi wanka ya sauya tufafi kafin ya shigo gida, a rufe abinci da ruwan sha, a yayyafa ruwa kafin shara, a wanke hannun yaro da sabulu kafin ya ci, a shimfiɗa masa tabarma.