DALAR GYAƊA TA KANO: YADDA TA TASHI DA YADDA TA ƁACE

Kowace ƙasa tana da abin da baƙo ya kan tsaya ya kalla. Wani halitta ne, kamar dutsen Zuma na kusa da Suleja. Wani kuwa mutanen da ne suka gina shi, kamar babbar dalar Masar, kabarin wani Fir'auna, wadda aka gina da duwatsu fiye da miliyan 2, yau shekara 4,500 ke nan tana tsaye. Mu ma a ƙasar Kano mun taɓa yin tamu dala, ta buhunan gyaɗa, har aka buga hotonta a kan sarki na wasiƙa. Gumin manoma ne ya tara ta, irin su iyayenmu na Ɗambatta da Makoɗa da Bichi da Kazaure. Yau babu ko ɗaya. Ya kamata kowane ɗan ƙungiyar gama kai ya san labarinta.

Zuwan jirgin ƙasa

Hanyar jirgi ta iso Kano a 1911, ciniki kuwa ya kankama a 1912. Turawa auduga suke so, domin masaƙun Ingila. Amma manoma suka yi nasu lissafi. Gyaɗa ba ta gajiyar da gona kamar auduga, harawarta abincin dabbobi ce, in kuma kasuwa ta faɗi sai a ci ta a gida. A lokacin nan kamfanonin Turai suna neman man gyaɗa ruwa a jallo, suna ba da kuɗi mai kyau. Nan da nan jakuna da raƙuma suka cika hanyoyin Kano. Cikin attajiran da suka shahara da sayenta babu kamar Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955.

Me ya sa aka yi dala?

Gyaɗa ta kan zo gaba ɗaya da kaka, amma jirgi kaɗan kaɗan ya kan kwashe ta. Daga Kano zuwa Ikko wajen mil 700 ne, layi ɗaya ne tak, taragu kuma ba su isa ba. Babu siton da zai ɗauke ta duka. To, da ya ke ranin Kano busasshe ne, sai aka riƙa jera buhuna a fili. A kan yi gindin da faɗi, kowane sahu na sama a rage shi, har a kai tsini, yadda ba za ta zube ba. Leburori su kan hau da buhu a ka, suna taka na ƙasa kamar matakala. Dala guda ta kan ci buhu wajen 15,000. In damina ta matso sai a lulluɓe ta da tamfol, ruwa ya gangare.

Bayan yaƙin duniya na biyu, wanda ya ƙare a 1945, jirgi ya kasa ƙwarai, har gyaɗar bana ta kan tarar da ta bara ba a kwashe ba. Ƙwari suka shiga buhuna suka yi ɓarna. Watau dalar da baƙi ke sha'awa alamar arziki ce, amma kuma kaya ne da ke jiran mai ɗauka.

Wa ya ci ribar?

A 1949 gwamnati ta kafa hukumar cinikin gyaɗa. Ita ke yanke farashi kowace shekara, ita kaɗai ke sayarwa a ƙasashen waje. Kuɗin da ta kan ba manomi bai kai na kasuwar duniya ba, ragowar kuwa a kan yi ayyukan gwamnati da shi. Tsakanin hukuma da manomi akwai manyan wakilai, da yaransu, da masu sikeli na ƙauye, kowa da nasa rabo. Manomi da yawa ya kan ci bashi da damina, ya biya da gyaɗa da kaka lokacin da ta fi araha. A shekarun 1960 babu ƙasar da ta fi Nijeriya fid da gyaɗa waje, duk da haka wanda ya noma ta shi ne mai ƙaramin kaso. An rushe hukumomin ciniki a 1986.

Yadda ta ɓace

Masifa uku suka haɗu. Ta fari, farin da aka yi daga 1972 zuwa 1974. Ta biyu, kuturtar gyaɗa ta 1975. Darɓa ce ke ɗaukar cutar daga wannan tushe zuwa wancan. Ganye ya ƙanƙance ya murɗe, gyaɗa ta tsugune ba 'ya'ya. A shekarar nan kaɗai ta lalata wajen hekta 700,000 a Arewa, mutane da yawa ko iri ba su fitar ba. Sai suka koma ga gero da dawa da wake. Ta uku, kuɗin man fetur ya sa gwamnati ta kau da kai daga noma, samari suka nufi birni. 'Yar gyaɗar da ta rage injunan matse mai na cikin gida suka shanye. Kafin shekarun 1980 su yi nisa filayen dala sun zama wayam. Har yanzu ana noman gyaɗa da yawa a Nijeriya, amma a gida ta kan ƙare, a mai da ƙuliƙuli da kunu.

Abin da ƙungiya za ta yi

1. Ku nemi iri mai jure kuturta. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, Zariya, ta fid da irinsu, kamar SAMNUT 24 mai nuna da wuri. Ku tambayi malamin gona.

2. Ku shuka da zarar damina ta zauna, ku kuma matse shuka. Darɓa ta fi sauka a gonar da aka makara, mai fili tsakanin tushe da tushe.

3. Ku shanya gyaɗa ta bushe sarai kafin a ɗura a buhu, a ɗora buhunan a kan katako. Mai danshi ta kan yi fumfuna, guban fumfunan nan kuwa ya kan lalata hanta, ta mutum da ta kaji.

4. Ƙungiya ta sami rumbun iri nata da sikeli nata. Ku tara kayanku ku sayar tare, bayan kaka ta wuce. Mai buhu biyu farashin da aka faɗa masa ya kan karɓa. Masu buhu 200 su kan yi ciniki.

5. Kada gida ya dogara ga amfani iri ɗaya. A fara cika rumbun hatsi, sa'an nan a yi zancen na sayarwa.

'Yan'uwa, iyayenmu sun noma abin da duniya ta zo kallo, amma kowa shi kaɗai ya kai nasa buhu gaban sikeli. A taronku na gaba ku sa zancen rumbun iri a gaba, tun ba a yi ruwan shuka ba.