Matafiyi Shi Kaɗai A Ƙasar Wuta Da Ƙanƙara

Can arewacin Tekun Atlantika akwai wani tsibiri da ake kira Aisilan. Girmansa ya kai murabba'in kilomita 103,000, amma mutanensa ba su cika 400,000 ba, yawancinsu kuwa suna zaune a Reykjavik babban birnin ƙasar da kewayensa. Tsakiyar tsibirin babu gari, babu gona, sai duwatsu masu aman wuta, da baƙin yashi, da ƙanƙara mai kauri wadda ta shekara ɗaruruwa ba ta narke ba. Duk da haka kowace shekara mutane sukan zo daga ƙasashe dabam dabam, su goya jaka da tanti, su shiga wannan jeji da ƙafa. Waɗansu cikin ƙungiya suke tafiya, waɗansu kuwa su kaɗai. A kan waɗannan na biyun ne muke so mu yi magana a wannan wata.

Hanyar da aka fi sani sunanta Laugavegur. Tana tashi daga Landmannalaugar, inda ruwan ɗumi ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa har matafiya su yi wanka a fili, ta ƙare a kwarin Thorsmork. Tsawonta wajen kilomita 55 ne, galibi akan yi ta cikin kwana 4. Kusa da ƙarshenta ne dutsen Eyjafjallajokull yake, wanda ya yi aman wuta a watan Afrilu na 2010, tokarsa ta hana jiragen sama tashi a yawancin Turai har kusan mako guda. Ana bin hanyar daga ƙarshen Yuni zuwa Satumba ne kawai. A watan Yuni dare ba ya yin duhu sosai, mutum ya iya kafa tantinsa da tsakar dare ba tare da fitila ba.

Mai karatu zai yi tsammani wutar duwatsu ita ce babban haɗari. Ba ita ba ce. Masana suna sa wa duwatsun ido da na'urori dare da rana, kuma sau da yawa sukan yi gargaɗi tun da wuri. Abin da ya fi kashe matafiyi shi ne sanyi da jiƙa. Gari yakan waye da rana tas, kafin tsakar rana hazo ya rufe ko'ina, iska ta taso da ruwa ko dusar ƙanƙara. Babu itatuwan da za a fake a bayansu. Idan tufafin mutum suka jiƙe iska kuma tana kaɗawa, zafin jikinsa yakan zube, hankalinsa ya rikice, ya ji barci na ɗaukarsa. Wanda ke da abokin tafiya, abokin zai lura ya taimake shi. Wanda ke shi kaɗai ba mai gaya masa.

Zangon farko na hanyar shi ne Hrafntinnusker, kilomita 12 daga mafari, a tudu mai tsayin fiye da mita 1,000. Kusa da ɗakin kwanan matafiya na wurin akwai tarin duwatsu da allon tunawa da wani saurayi mai shekara 25, wanda guguwar ƙanƙara ta kashe a watan Yuni na 2004. Tsakaninsa da ɗakin tafiya kaɗan ce ta rage. Kowane mai wucewa yakan ga allon nan, ya kuwa kamata ya tsaya ya yi tunani.

Saboda haka waɗanda suka san ƙasar suna da ka'idodinsu. Sukan sa tufafin ulu, ba na auduga ba, gama ulu yana riƙe ɗumi ko ya jiƙe. Sukan danne igiyoyin tanti da manyan duwatsu domin iska. A kan wannan hanya ba a yarda a kafa tanti ko'ina ba sai a zangon da aka keɓe kusa da ɗakunan kwana, waɗanda ƙungiyar matafiya ta ƙasar, wadda aka kafa a 1927, take kula da su. Dalili biyu ne: gansakukar da ta lulluɓe duwatsu takan ɗauki shekaru masu yawa kafin ta sake tsiro idan an tattake ta, kuma a zango akwai mai tsaro wanda ya san yanayin gobe. Akwai kuma koguna da ba su da gada. Ruwansu daga narkakkiyar ƙanƙara yake, yakan ƙaru idan rana ta yi zafi, don haka da safe ake ƙetarewa. Mutum yakan kwance ɗamarar jakarsa tukuna, domin in ya faɗi kada nauyinta ya danne shi cikin ruwa.

Amma ka'idar da ta fi duka ita ce wannan: kada ka tashi sai wani ya san inda za ka, da ranar da za ka iso. A Aisilan akwai ƙungiyar ceto mai suna Landsbjorg, mutanenta dubbai ne, kuma 'yan sa kai ne, ba a biyansu albashi. Cikinsu akwai masunta, malamai, manoma, ma'aikatan ofis. Babban abin da ke kawo musu kuɗin kayan aiki shi ne sayar da kayan wasan wuta na bikin sabuwar shekara. Matafiyi yana iya barin tsarin tafiyarsa a wurinsu kyauta, lambar neman taimako kuwa 112 ce. Idan ba su san hanyar da ya bi ba, sai su bazu cikin jeji suna nema a cikin guguwar da ta kama shi, su ma iyayen 'ya'ya ne da ake jira a gida.

To, ashe mai tafiya shi kaɗai ba ransa kaɗai yake ɗauke da shi ba. Ba mu ce kada saurayi ko budurwa su fita su ga duniya ba, gama tafiya mabuɗin ilimi ce. Amma in ɗayanmu zai kama hanya, ko ta nesa ko ta kusa, bari ya yi sallama da na gida, ya faɗi inda ya nufa. In mai tsaron zango ya ce yau ba ranar tafiya ba ce, ya sauke jakarsa ya jira gobe.