Injin Kwale-kwale Mai Sarƙewa In An Taka Shi

Da yawa daga cikin ɗaliban wannan kwaleji, in sun gama, za a tura su koyarwa garuruwan bakin Kwara da Binuwai, ko ƙauyukan da ke cikin fadamun wajen Warri, inda ba a zuwa sai ta ruwa. Don haka na ga ya kamata in ɗan yi bayanin wata cuta da ta ke damun injin da a ke rataya wa a gindin kwale-kwale. Ga yadda ta ke: inji ya tashi sumul, yana tafiya a hankali lafiya lau, amma da direba ya murɗa totur sai ya shiga tari, yana ja yana saki. A bakin gaɓa wannan abin dariya ne. A tsakiyar ruwan Lakwaja kuwa, cikin watan Satumba da kogi ya cika, ga mutane da buhuna, ba abin dariya ba ne.

Yawancin injunan da na ke gani a kogunanmu irin na Yamaha ne mai ƙarfin doki 40, wanda a ke gauraya masa fetur da baƙin mai. In yana juyi 5,000 a minti guda, kowane fulogi zai ba da wuta sau 5,000, watau fiye da sau 80 a daƙiƙa ɗaya. Man da ya ke sha kuma ya ninka na tafiyar hankali sau da yawa. To, ashe ƙaramin lahani da ba ya nuna kansa a tafiyar hankali tilas ya fito fili a wurin gudu.

Ni kullum daga mai na ke farawa, gama can laifin ya fi yawa, gyaransa kuma ya fi araha. A kan murfin tanki akwai wani ɗan noti na shan iska. In aka bar shi a ɗaure, mai yana fita iska ba ta shiga, can sai man ya ƙi fitowa. A kwance shi tukuna. Sa'an nan a duba robar nan mai kamar ƙwai da ke tsakiyar tiyo, wadda a ke matsawa kafin a ta da inji. In an tarar ta shafe, to, toshewar tana wajen tanki. In kuwa ana matsa ta cikin gudu injin ya warware, a daina ya koma tari, sai a tuhumi famfon mai, ko kuwa tiyo ya tsage yana zuƙar iska.

Bayan wannan sai ruwa. Fetur ɗin da a ke saya cikin jarka a bakin kogi ba ya rasa shi. A tsiyaya kaɗan cikin farar kwalba a ajiye. Ruwa ya fi fetur nauyi, zai kwanta a ƙasa kowa ya gani. In mai ya fita daga zargi, saura kafireta. A cikinta akwai ƙananan hanyoyi biyu, ɗaya ta tafiyar hankali, ɗaya ta gudu, shi ya sa ƙwayar yashi guda ta kan hana gudu ta bar sauran lafiya. Gwajinsa ba wuya: sa'ad da injin ke tari a ɗan ja cok. In ya farfaɗo, yunwar mai ce ta ke damunsa. A kwance a wanke, a hura da iska. Kada a yarda a zura waya cikin ramin, don ta kan buɗa shi, daga nan injin ya zama mashayi har abada.

A nan ina so a lura ƙwarai. Tun da ya ke baƙin mai cikin fetur ya ke tafiya, injin da ba ya samun fetur sosai ba ya samun abin da zai sa fistin santsi. Direban da ya ce, "Bari mu lallaɓa a haka mu isa," yana ta murɗa totur, fistin zai ƙone masa. A rage gudu shi ne daidai. Gauraye kuma a bi abin da littafin injin ya faɗa. Yawanci kashi 50 ne da 1, watau rabin lita na baƙin mai cikin lita 25 na fetur. Masu zuba shi da ido su kan wuce kima, fulogi ya daskare da baƙi.

Fulogin kansa ba ya ƙarya. In bakinsa ruwan ƙasa-ƙasa ne, lafiya. In baƙi ne jiƙe, mai ya yi yawa ko wuta ta yi rauni. In fari ne fat, yunwa ce da zafi. In kuwa ɗaya ya fita tas kamar an wanke, alhali ɗan'uwansa yana da datti, ruwa ne ke shiga silinda, wannan kuwa aikin bakanike ne. Wuta mai rauni ta kan iya tsallaka bakin fulogi a fili, amma ta kāsa a cikin silinda inda iska ta matsu. A canja fulogi da mai lamba iri ɗaya. In tarin bai bari ba, a cire murfin inji da dare a ta da shi. Wayar da ta tsage za a ga tartsatsi na tsalle daga jikinta. A duba kuma wayar makashin inji, don in ta goge, girgizar gudu ta kan sa ta taɓa ƙarfe tana yanke wuta. Abin da ya wuce wannan, kamar kwayil da akwatin wuta, sai da ma'auni.

Akwai kuma abin da ya ke kama da wannan cuta amma ba ita ba ce. In ƙarar inji ta hau sama, jirgi kuwa bai ƙara sauri ba, a duba farfela: ko robar cikinta ta sake, ko ciyawar ruwa ta naɗe ta, irin wadda ta shigo ruwan Legas ta wajen Badagry a 1984. Ita ciyawar nan da leda su kan toshe ramukan shan ruwa, inji ya yi zafi. Saboda haka kafin a ɗauko sifana, a waiwaya a ga ko ɗan ruwan nan da inji ke tsartuwa ta baya yana fita da ƙarfi. In ya tsaya, a kashe inji nan take, a ɗauki filafili.